Ƙwaro Ya Zo Daga Baya

A gabas da birnin Los Anjalis na jihar Kalifoniya, tafiyar kilomita kusan 100, akwai jerin tsaunukan San Banadino. Ƙololuwarsu ta haura mita 3,500, kuma babu tudun da ya kai ta a duk kudancin jihar. Tun 1893 gwamnatin Amurka ta shata dajin da ke kansu ta mai da shi gandu. Uwar wannan daji ita ce bishiyar fain, irin da ake kira fondarosa, da 'yar'uwarta jefiri. Wanda ya taɓa ganin fain ɗin da aka dasa a Jos ko a gandun Afaka ya san siffarta: miƙaƙƙiya, mai siraran ganye, kore shar rani da damina. Sai dai ta can ta girme su nesa ba kusa ba. Takan kai mita 40 ko 50, ta shekara 300 ko fiye tana tsaye, ɓawonta ya yi kaurin da ƙaramar gobara ba ta iya ratsawa.

A cikin dajin nan akwai wani ƙwaro mai launin ƙasa-ƙasa, tsawonsa bai wuce milimita 5 ba. Ɗan gida ne, yana nan tun kafin a aza tubalin farko na Los Anjalis. Abincinsa shi ne tattausan naman da ke tsakanin ɓawo da itace. Macen ce ke fara zuwa, ta sauka a jikin bishiya, ta soma huda. Idan ta faɗa wa lafiyayya, ba ta yin nisa. Fain tana da ƙaro a jijiyoyinta, kuma a matse yake, da an huda sai ya tunkuɗo da ƙarfi ya cika ramin, ya turo mai hudar waje ko ya shaƙe ta a ciki. Ma'aikatan daji da gani suke ganewa: ɗan dunƙulen ƙaro a jikin ɓawo, wani lokaci da gawar ƙwaron liƙe a tsakiyarsa. Bishiya ɗaya takan kori masu huda da dama a haka, ba tare da ganyenta ko ɗaya ya sauya launi ba.

In kuwa ta dace da mai rauni, ramin sai ya zauna a bushe. Daga nan ta saki wani ƙamshi na kira, maza su amsa, su ma su saki nasu, kafin kwana kaɗan dubbai sun yi dafifi. Su haƙa hanyoyi masu lanƙwasa a ƙarƙashin ɓawo, su zuba ƙwai, tsutsotsi su fito su ci gaba da ci, har su datse hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa. A jikinsu kuma suna ɗauke da wata funfuna da ke rina itacen ya yi shuɗi, ta taimaka wajen toshe hanyar ruwa. Bishiyar takan mutu tun ganyenta yana kore. Sai bayan makonni ko watanni ya koma ruwan ɗorawa, sannan ya yi ja, a lokacin 'ya'yan ƙwaron sun riga sun tashi sun nufi wata. Ɗaruruwan shekaru rabonsa bai wuce tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare ba, ko wadda tsawa ta faɗa wa, ko wadda guguwa ta karya. Maƙwaƙƙwafi yana cin tsutsarsa, sauran ƙwari suna farautarsa, daji kuma yana nan daram.

Can ƙasa kuwa gari yana ta cika yana batsewa. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo masana'antu da ma'aikata, magidanta suka sayi motoci, domin birni ne shimfiɗaɗɗe da ba a gama shi da ƙafa. Ranar 26 ga Yuli, 1943, wani hazo mai yaji ya lulluɓe tsakiyar birnin. Idanu suka yi ta zubar da hawaye, maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi, ba a hango abin da ya wuce layi uku. Da yake ana tsakar yaƙi, wasu suka ɗauka Japan ce ta kawo harin iskar guba. Da aka ga babu jirgin abokan gaba, sai aka nuna wata masana'anta guda a titin Aliso mai haɗa sinadarin roba, aka rufe ta, hazo bai tafi ba. Aka koma kan murhunan ƙona shara na bayan gidaje, aka yi ta fama har aka haramta su a 1957. Toka ta ragu, amma idanu ba su daina yaji ba. Kullum ana neman mai laifi ƙwaya ɗaya, wanda za a iya garƙame wa ƙofa, sannan kowa ya shiga motarsa ya koma gida.

Wanda ya fasa ƙwan wani masanin sinadarai ne ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, malami a jami'ar Caltech da ke Pasadena, wanda a da ƙamshin abarba yake bincike. Tsakanin 1950 da 1952 ya nuna cewa gubar da ke cikin hazon, wato ozon, babu bututun da ke fitar da ita kai tsaye. Tururin fetur da bai gama ƙonewa ba ne ke haɗuwa da iskar oksaid ɗin naitirojin da ke fita daga salansar mota da matatun mai, rana ta dafa su, su zama ozon. Ya gwada da roba, aka ga tana tsattsagewa a cikin iskar. Kamfanonin mai suka ɗauki nauyin wani binciken don a ƙaryata shi, daga baya binciken ya dawo kan maganarsa. A 1953 wani zaɓaɓɓen jami'in gundumar, Kenneth Hahn, ya rubuta wa masu ƙera motoci yana tambayar me suke yi a kan hayaƙinsu. Amsar da ya samu daga Ford ita ce hayaƙin mota yana bajewa nan da nan a sararin sama, bai zama matsala ba.

Yana bajewa ɗin, amma akwai inda yake zuwa. Los Anjalis a cikin kwari take, teku a yamma, tsaunuka a arewa da gabas. Da bazara iska mai ɗumi takan zauna a sama ta danne ta ƙasa, hayaƙi ya rasa mafita. Ma'aikata su zuba shi da safe a hanyar ofis, rana ta dafa shi da hantsi, bayan azahar iskar teku ta tura shi gabas, ya hau gangaren tsauni. Kafin la'asar ya isa garuruwan Crestline da Tafkin Arrowhead, a tsayin mita 1,400 zuwa 1,600, kuma ya fi ƙarfi a can fiye da inda aka haife shi. A cikin gari ozon yakan sauka da dare. A kan dutse yakan kwana. Ashe kenan bishiyar da ba ta taɓa tuƙa mota ba, ba ta taɓa sayar da fetur ba, ita ke shan kaso mafi ɗaci. A waccan shekara ta 1953 aka fara lura da wani ciwo a fain ɗin yammacin tsaunin. Ganye yana yin ɗigo-ɗigon rawaya, yana zubewa tun lokacinsa bai yi ba, kan bishiya ya yi shara-shara har ana hango sama ta cikinsa. Babu wanda ya san sunan ciwon, sai aka sa masa harafin X.

Abin da kowa ya iya gani shi ne ƙarshen al'amarin. Bishiya ta yi ja, a ɓanɓare ɓawonta, ga hanyoyin ƙwaro a zane, ga tsutsa tana motsi. Shaida ta tabbata, an kama shi hannu dumu-dumu. Maganinsa kuma sananne ne tun da daɗewa: a sare wadda ya shiga, a feɗe ɓawon a ƙona, ko a fesa mata guba irin su lindane da aka dama da man dizal. Aka yi ta sara, aka yi ta feshi, shekara ta zagayo wasu su yi ja. Tafkin Arrowhead wurin hutun masu hali ne, taurarin fina-finai da attajirai suna da gidaje a bakinsa, masu matsakaicin ƙarfi kuma su hau ran Asabar da iyalansu don shan iska. Sun ji zafin mutuwar bishiyoyin nan da gaske, domin suna son su. Da suka ce ƙwaro ne, ba ƙarya suka yi ba. Amma mutumin da ya tsaya a gindin matacciyar fain yana Allah wadai da ƙwaro bai taɓa kawo wa ransa cewa abin da ya fita daga salansarsa ran Litinin ya riga shi hawa dutsen ba.

Akwai waɗanda ba su gamsu da shaidar da ke ƙarƙashin ɓawo ba. Tambayarsu ɗaya ce: ƙwaron nan yana nan tun fil azal, me ya sa sai yanzu, kuma me ya sa sai a gefen da ke fuskantar birni? Masana daga jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka duba saiwa, suka duba ƙasa, suka nemi ƙwayar cuta, ba su sami abin da ya isa bayani ba. A cikinsu akwai wani matashi, Paul Miller, wanda daga baya ya shiga hukumar gandun daji ya ƙarar da fiye da shekara 30 a kan wannan tsauni. A 1963 shi da abokan aikinsa suka rufe rassan lafiyayyar fain suka hura musu ozon, cikin kwanaki ɗigon rawayan nan ya bayyana sak. Daga baya aka juya gwajin, aka rufe marasa lafiya aka ba su iskar da aka tace da gawayi, sai sabon ganyensu ya fito lafiya. Ba a sauya musu ƙasa ba, ba a ƙara musu taki ba, iska kawai aka gyara.

A 1968 mujallar Hilgardia ta buga binciken da ya haɗa bakin zaren, aikin Stark da Miller da Cobb da Wood da Parmeter. Sun bi bishiyoyi kimanin 1,000 ɗaya bayan ɗaya, suka tarar ƙwaro ya fi taruwa a kan waɗanda hayaƙi ya riga ya ci, masu cikakken ganye kuwa da wuya ya kayar da su. Suka auna ƙaron, suka ga na marasa lafiya ya ragu, matsinsa ya faɗi, ba ya gudu sosai, kuma yana saurin daskarewa. Naman ƙarƙashin ɓawo ya sirance, danshin itacen ya yi ƙasa. Yadda abin ke tafiya shi ne, ganye yana da ƙananan ƙofofi da yake numfashi ta cikinsu, ta nan ozon ke shiga ya ƙona cikinsa. Fain mai lafiya tana riƙe da ganyen shekara uku zuwa biyar a lokaci guda, duk suna yi mata abinci. Wadda ta sha hayaƙi takan rage da na shekara ɗaya tak. Ɗan abin da ta samu sai ta kashe shi wajen fitar da sabon ganye, saiwa ta zauna da yunwa, ƙaro kuma ba ya samuwa sai da rarar abinci. Shekara biyar, shekara goma tana ramewa a tsaye, kowa yana wucewa yana ganinta kore-kore. Ranar da ƙwaro ya zo ya huda, babu abin da zai tare shi, 'yan kaɗan ma sun isa. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da waɗannan malamai suka ƙara shi ne sun auna tsagewar, sun kuma nuna daga inda ta faro.

A 1969 aka ɗauki hoton dajin daga jirgin sama, aka ƙiyasta fain miliyan 1.3 ne hayaƙi ya taɓa. A wannan shekarar ce kuma ma'aikatar shari'a ta Amurka ta maka manyan kamfanonin mota huɗu a kotu, General Motors da Ford da Chrysler da American Motors, tare da ƙungiyarsu, bisa zargin sun haɗa baki sun jinkirta ƙera na'urorin rage hayaƙi tun daga 1953, shekarar da ganye ya fara rawaya. Kafin shekara ta fita aka sasanta. Ba su amsa laifi ba, sun dai sa hannu cewa ba za su yi irin wannan haɗin baki nan gaba ba. Ƙwaro an ƙona shi da ɓawonsa, su kuwa takarda aka ba su suka sa hannu.

Su ma'aikatan daji ba su da iko da salansar kowa, don haka suka yi abin da hannunsu ya kai. Suka sare waɗanda suka fi jigata, suka shiga dasa irin da ya fi jure hayaƙi. Ba na ganin laifinsu, amma wannan mataki yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi. An san mai cutar, an san inda yake kwana, amma shawarar da ta fi sauƙin zartarwa ita ce a nemo wadda za ta iya haƙuri. Fondarosar da ta riƙe tsaunin shekaru aru-aru sai ta zama ita ce mai aibi, wai ba ta da juriya.

Gaskiya dai daga baya an taɓa inda ya kamata a taɓa. A 1967 Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da iska ta Kalifoniya, aka ɗora Haagen-Smit a kanta, mutumin da aka so a ƙaryata. A 1970 gwamnatin tarayya ta yi dokar tsabtace iska mai haƙora. Daga 1975 sababbin motoci suka fara fitowa da matacin hayaƙi a cikin salansa. A 1955 an taɓa auna ozon a tsakiyar Los Anjalis ya kai kashi 0.68 cikin miliyan. A 1977 sau 121 aka yi shelar gargaɗin hazo a yankin, a 1999 ba a yi ko ɗaya ba, alhali motoci sun ƙaru. Miller ya koma kan bishiyoyin da ya yi wa lamba, ya tarar tsakanin 1974 da 1988 galibinsu sun ƙara ganye, ban da na wuraren da suka fi shan hayaƙi. Gyaran da feshi ya kasa yi a kan dutse, doka ta yi shi daga cikin gari. Sai dai daga ranar da aka bayyana gaskiya zuwa ranar da aka sa matacin, shekara 23 ce ta wuce, kuma duk bishiyar da ta faɗi a tsakani ta faɗi ke nan.

Da labarin ya tsaya nan da an ji daɗi. Amma hayaƙin yana da wata kyauta da ba a lura da ita da wuri ba. Naitirojin ɗin da ke cikinsa yana sauka a kan ganye da ƙasa, shekara da shekaru, ya zama taki. Taki kuwa in ya yi yawa yana ruɗin bishiya: ta yi ta fitar da ganye a sama, ta yi sakaci da saiwa a ƙasa, tunda abinci yana zuwa ba wahala. Masu bincike sun tona sun ga ƙananan saiwoyin fain ɗin yammacin tsaunin sun ragu ƙwarai in aka gwada da na gabas inda iska ta fi tsabta. Ido yana ganin yabanya, ƙasa kuwa babu abin riƙo. Ga kuma wata ƙauna da ta zama cuta. A da ƙananan gobara sukan ratsa dajin lokaci-lokaci su share ƙananan tsirrai, manya su sami sarari. Tun farkon ƙarni na 20 aka ɗauki manufar kashe kowace wuta da ta tashi, daji ya cushe, bishiyoyi da yawa suna rabon ruwan da a da kaɗan ke sha. A lokacin, a unguwannin Tafkin Arrowhead sai da izinin kwamiti mutum zai sare bishiya a filinsa. Kowa yana kāre bishiyar ƙofar gidansa, babu mai tambayar ko dutsen zai iya shayar da su duka.

Sai fari ya zo. Ya soma a 1999, ya tsananta a daminar 2001 zuwa 2002, lokacin da ruwan da ya sauka a tsakiyar Los Anjalis bai wuce milimita 112 ba, mafi ƙaranci da aka taɓa rubutawa zuwa wannan lokaci. Bishiyoyin da saiwarsu ta gajarta, maƙwabta suka yi musu yawa, ozon ya lalata ƙofofin numfashinsu har ba sa rufuwa da kyau su tsare ruwa, ina za su sami ƙaro? Ƙwaron kuwa a wannan yanki mai ɗumi yakan hayayyafa sau uku, wani lokaci huɗu, a shekara. Cikin shekara biyu gangare bayan gangare ya koma ja, miliyoyin bishiyoyi suka mutu a tsaye, wasu a kan gidaje, wasu a kan wayoyin lantarki da 'yan hanyoyin da mutane za su bi in gudu ya kama. A watan Maris na 2003 Gwamna Gray Davis ya kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin San Banadino da Riverside da San Diego. A watan Afrilu ya roƙi gwamnatin tarayya dala miliyan 430 don a kwashe matattun itatuwa. Takardar ta yi wata shida tana jira. Ranar 24 ga Oktoba hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta amsa cewa ba za ta bayar ba, domin akwai wasu hukumomin da ke wannan aiki.

Washegari, 25 ga Oktoba, wani mutum ya cinna wuta a kwazazzabon Waterman da ke gindin tsaunin, busasshiyar iskar Santa Ana ta ɗauke ta. Ta ci eka sama da 91,000, ta ƙona gidaje kusan 1,000, mutum 6 suka rasu, kimanin 80,000 suka gudu daga gidajensu. Yawancin abin da ta ci sarƙaƙiyar gangare ce, kuma masana sun yi saɓani a kan ko matattun bishiyoyin sun ƙara mata ƙarfi, don haka ba zan ɗora wa ƙwaro ko hayaƙi abin da ba a tabbatar ba. Bayan wata biyu, ranar Kirsimeti, ruwa ya sauka a kan tudun da wuta ta aske, laka da duwatsu suka gangaro kan sansanoni biyu, mutum 16 suka rasu, da yawansu yara.

Har yau in ana maganar waccan dokar ta-ɓaci, da sunan ƙwaron ɓawo ake kiranta. A 2003 ma, shekara 35 bayan an buga binciken da ya nuna shi ne na ƙarshen zuwa, sunansa ne a bakin jama'a. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwaro ba shi da lauya, ba ya ɗaukar nauyin bincike, ba ya zama a kujerar da ake yanke shawara. Yaƙi da shi yana da kasafi, yana da kwangila, yana da hoton da za a nuna: ga itacen da muka sare, ga wutar da muka sa. Yaƙi da hayaƙi kuwa yana nufin mai gayya ya duba motar da ya zo taron a cikinta.

Ba ina wanke ƙwaro ba ne. Yana kisa, kuma bishiyar da ya riga ya cika dole a cire ta kafin 'ya'yansa su tashi su faɗa wa na kusa. Mai cewa a ƙyale shi bai taɓa ganin gangaren da ya koma ja ba. Abin da na ƙi shi ne a tsaya a kansa, a yi kamar daga gare shi labarin ya fara, alhali shekaru sun shuɗe bishiya tana zubar da ganye a gaban kowa, ba wanda ya kira taro, sai ranar da ta zama barazana ga rufin gidan mai hali.

Ranku ya daɗe, akwai gandun da ba na itace ba, kuma akwai waɗanda aka damƙa wa amanarsa. A can ma tsirran da aka yi alfahari da su sun daɗe suna rawaya. An hana su abin da ke gina saiwa, an bar su suna shaƙar abin da ke sauka daga manyan gidaje dare da rana, in sun yi ƙorafi a ce ba su da juriya irin ta 'yan da. Yanzu ƙwaro ya shiga, iri-iri, kuma kullum ana taro a kansa. Ana ware kuɗin feshi, ana sara ana ƙonawa, shekara ta zagayo wasu su yi ja. Masu auna iska suna nan, wasunsu sun tsufa suna kawo rahoto ana ajiyewa a durowa. Mutanen Kalifoniya sun yi jinkirin shekara 23, kuma har gobe gundumar San Banadino tana sahun gaba a yawan ozon a duk Amurka, domin ɓarnar da aka daɗe ana yi ba ta gyaruwa da wuri. Kafin ku sa hannu a takardar feshi ta gaba, ku kira masu awon nan ku saurare su har su gama, ko da sakamakon ya nuna ƙofar gidanku.